Gemun Darakta

Ɗan-Ofis: Alo? Alo! Salamu alaikum. Yaya, ke ce?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ni ce, Ɗan-Ofis. Kwana uku ina neman layinka.

Ɗan-Ofis: Ina wuni, Yaya? Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Yaya: Da sauƙi, har ta fara takawa. Ya birni?

Ɗan-Ofis: Birni ya san na shigo! Ya gona?

Yaya: Gona kam ga ta nan. Jiya ma kwando tara na tumatir muka zubar a bakin rafi, mota ta kasa tsallakowa. Shi ya sa na kira. Takardar neman gadar nan, yau ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. Ka miƙa?

Ɗan-Ofis: Haba Yaya! Ni kike tambaya? Mutumin da ya shekara shida yana masinja? Ai ba a banza kuka sa mini suna Ɗan-Ofis ba. Yanzu haka da nake miki magana, a ofishin Darakta nake zaune.

Yaya: A'a! Cikin ofishin?

Ɗan-Ofis: Tsakiyarsa. Sanyin na'ura har ya sa ni mura. Kin ji muryata.

Yaya: Na ji. Ikon Allah. Maigadi bai tsare ka ba?

Ɗan-Ofis: Ni? Yana hango ni ya ƙame ya sara. Ƙauyuka sun fi arba'in a kan layi, goma kacal za a ɗauka, kowa na zare ido da takardarsa a hammata. Sai ga Darakta ya leƙo ta taga ya ce, "Wa nake gani kamar aminina?"

Yaya: Amininsa kuma?

Ɗan-Ofis: Tare muka yi aiki tun yana ƙaramin akawu. Ni na koya masa buga hatimi.

Yaya: Madalla. To dangwalen fa? Mutum ɗari biyu da ɗoriya muka dangwala yatsa, har tsohuwar da ba ta gani sai da aka riƙe mata hannu. Ya duba?

Ɗan-Ofis: Ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin yatsu masu kyan namu ba.

Yaya: Tsaya. Wa nake ji yana ihun "saura mutum ɗaya"?

Ɗan-Ofis: Ina? Au, wannan? Taro za su shiga, ana jiran injiniya ɗaya.

Yaya: Da hon ɗin mota a cikin ofis?

Ɗan-Ofis: Alo? Yaya, layin yana yankewa, me kika ce?

Yaya: Ni ina jin ka rangaɗau. Na ce me ya faɗa a kan gadar?

Ɗan-Ofis: Gada ai an gama. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gada kaɗai ta yi kaɗan." Ya ƙara mana wutar lantarki. Na yi shiru, ya ƙara famfo. Na yi tari, ya ƙara ɗakin sanyi na ajiye tumatir. Da ban danne atishawa ba, da filin jirgi za a yi mana a bayan makaranta.

Yaya: Ka kyauta da ka danne, awaki za su firgita. Shi Daraktan nan, wane irin mutum ne? In ya zo buɗe gada mu gane shi.

Ɗan-Ofis: Ƙato ne, fari, ga tumbi. Gemunsa har ƙirji. In zai sa hannu sai ya ɗage shi gefe.

Yaya: Har ƙirji.

Ɗan-Ofis: Yana shafa shi yanzu haka, yana gaishe ki.

Yaya: Ina amsawa. Ƙanena, ranar da ka taso, ruwan rafi ya kai ina?

Ɗan-Ofis: Iya gwiwa. Me ya kawo wannan?

Yaya: Mai faci ya ce iya wuya. Ya ce yana tsaye kan tudu ya ga santsi ya kwashe ka, jakarka ta yi gaba kana bin ta da iyo.

Ɗan-Ofis: Wannan mutumin ai tayar keke ma ba ya gani sosai! Ɗan danshi ne ya taɓa gefen takardar, na shanya ta a kan butar mai shayi... ta ofis, mai shayin ofis.

Yaya: Yatsun sun fita?

Ɗan-Ofis: Sun... haɗu. Sun zama guda. Ai alamar haɗin kai ce.

Yaya: Shi ya sa ban tsaya jiran ka ba. Da asuba muka tsallake rafin riƙe da igiya, mu sittin da huɗu, har da Inna goye a bayan jikanta. Malamin makaranta ya sake rubuta takardar, waɗanda suka rage a gida suka dangwala tun jiya, na naɗe ta a leda uku na ɗora a ka. Motar tumatir muka hau.

Ɗan-Ofis: Kuka hau zuwa ina?

Yaya: Maigadi ya ce mutum ɗaya zai shiga. Muka zauna a ƙofa muka ce to a fito a same mu. Ba a yi awa ba aka buɗe. An karɓa, an buga hatimi, ga shaidar a hannuna. Ran Litinin injiniya zai je ya auna rafin.

Ɗan-Ofis: Alhamdu lillahi! Ai ni na share muku hanya, na gaya wa aminina cewa...

Yaya: To ga aminin naka, ina zaune a gabanta, kuma na buɗe muryar wayar kowa na ji. Baiwar Allah ce siririya mai tabarau. Ta ce in tambaye ka a ina ta ajiye gemun.

Ɗan-Ofis: Alo? Alo, Yaya? Katina ya kusa ƙare...

Yaya: Ni na kira ka, Ɗan-Ofis.