Askar Bahago

A rumfar mai washin wuƙa, wani direba ya warware tsumma, ya fito da tsohuwar aska duk tsatsa.

"Ta marigayi babana ce. A kankare tsatsar, a sauya mata ƙota."

Mai washin ya jujjuya ta. "Wannan ƙarfen ya girme ni, ba a yin irinsa yanzu. Allah ya jiƙan mai ita, bahago ne."

"Haba malam! Mutumin da ya sha zane ni don ina rubutu da hagu?"

"Ni dai ga inda babban yatsansa ya cinye ƙotar. Riƙe ka ji."

Direban ya riƙe da hagu, yatsansa ya zauna daram a gurbin.

"To, in sauya?"

"Bar ƙotar nan. Wasa bakin kawai."