Ni Na Zaɓa Masa Wayar

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ina rubutowa daga Tambuwal, kuma ina roƙo a sakaya sunana, don kunya nake ji.

Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Maƙwabcina Malam Umaru manomi ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bara ya sayar da gero, ya ce in raka shi kasuwa in zaɓa masa waya mai sauƙin kuɗi, tunda ni na yi boko. Ya ce, "Wadda ka riƙe caji nika so, don can gona nika wuni, kuma tsohona na Fakku ba lafiya."

Mai shago ya kawo irin wadda ya faɗa. Da na ga abokan aikina a wurin, sai na ture ta, na ce wannan ta ƙauyawa ce. Na zaɓa masa mai kyan hoto, wadda cajinta ba ya kai azahar.

Ranar da mahaifinsa ya rasu, tun azahar ake kiransa, waya a mace. Kafin ya isa Fakku an dawo daga maƙabarta.

Wallahi bai taɓa yi mini maganar ba. Da na je ta'aziyya, shi ya shimfiɗa mini tabarma. Yanzu idan na ji motsinsa a ƙofa sai in koma ciki.

Jama'a, ku ba ni shawara. Waya zan iya sake saya masa, amma jana'izar mahaifinsa fa?