Akwatin Mawaƙi a Tashar Parma

Wulaƙanci ne ke gyara mutum, ko kuwa mutum ne ke gyaruwa duk da wulaƙanci? Wa ya sani?

Da safe a tashar jirgin ƙasan Parma, wata tsohuwa ta kira Ermete ɗan dako. Ya karanta sunan da ke jikin akwatinta, ya ja da baya.

"Na Tullio mawaƙi ne? Iya, nemi wani. Bara muryarsa ta tsinke a tsakiyar waƙa, muka wulaƙanta shi da ihu. 'Yan dakon Parma ba sa ɗaukar kayan wanda ya kunyata gidan waƙarmu."

"Jiya da ya sake waƙa a gidan, ka je?"

"Ina can benen talakawa, na shirya yi masa ihu."

"Ka yi?"

"Da wane baki? Yaron nan ya ɗaga murya sama, ya riƙe ta har numfashina ya ƙare, nasa bai ƙare ba! Ihunmu na bara ne ya gyara shi."

"Ihunku? Wata guda yana kuka a ɗakina, sarkin surutu. Ni na haife shi."

Ermete ya cire hularsa, ya saɓa akwatin a kafaɗa.

"Ku ba da hanya! Kayan ɗanmu ne!"