Kada Kowa Ya Taɓa Na'urar Pyo Man-seok

Shugaban unguwarmu ta Bupyeong, dattawan ƙungiyar masu sauraron waƙa, Uwargida Eom Sun-rye matar marigayi, ɗansa Jae-gon, 'yan'uwa da abokai, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya.

Ni Bang Deok-su ba zan yi ƙarya a gaban hotonsa ba, Pyo Man-seok mafaɗaci ne. Ya kasance mai haɗa mana na'urar ajiye waƙoƙi a gidajenmu, bai taɓa gajiya da mu ba. Ya kasance mai zage duk wanda ya ɗora wa tsoho manhajar nan da sai an rubuta mata umarni a baƙin allo. Kullum cewa yake, "In matata ba za ta iya kunna ta da hannu duk yajin kabejin kimchi ba, ku jefa ta a kwata."

Mun ga abin da ra'ayin nan ya jawo masa. A walimar ƙarshen shekara, Yaya Gu, babbanmu, ga shi can ya sunkuyar da kai, ya yanke cewa kowa ya koma baƙin allo. Kun san ba a musa wa babba a teburin sha. Man-seok ya kife kofinsa, alamar bai yarda ba. Yaya Gu ya ce, "Kai ɗan iskan nan, ni za ka kife wa kofi?" Ya fasa masa kwalbar giyar soju a goshi. Tebur ya wuntsila, garwashin gasa nama ya watse, jini har cikin miya. Yana dafe da goshi yake cewa, "Yaya, ƙara min ɗaya in kana so, amma tsofaffi ba za su haddace umarni ba."

Jae-gon, da kai nake. An ce ranar Asabar za ka goge na'urar babanka ka sa wata manhajar, wai wannan ta 'yan koyo ce. Ta 'yan koyo ce mana, ai don mahaifiyarka ya zaɓe ta. Kowace safiya takan danna maɓalli ɗaya ta ji waƙoƙin da suka saba ji tare. In ka canja, sai ta zauna tsit har ranar da ka ga damar zuwa daga Seoul. Ina son ka kamar ɗan cikina, amma wallahi ka taɓa ta sai na karya maka hannu, sannan in kai ka asibiti da kaina.

Mun gode da zuwanku. Ubangiji ya ba Man-seok hutawa, ya sanyaya wa Uwargida zuciya, ya kuma ba yaron nan hankali kafin Asabar.