Gonakin da Taswirata Ta Kira Daji

Mai girma shugaban taro, Malam Abdulrashid. Wakilin Mai Martaba Sarki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni. Limamanmu da fastocinmu. Iyayenmu tsofaffin sojoji da ke zaune a sahun gaba. Iyayenmu mata, 'yan zumuntar coci da 'yan kasuwa. Manoman Manga da na Rikoto, da baƙinmu da suka taso tun daga Danko. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Sunana Dinah, 'yar marigayi Saje Japhet da Mama Saloma. Ina godiya ga ƙungiyar ci gaban garinmu da ta ba ni wannan dama a taronta na ƙarshen shekarar 2007. A takardar shirin taro an rubuta cewa zan yi magana kan amfanin karatu mai zurfi. Zan yi, amma ta kan kuskuren da na tafka zan bi, domin shi ya fi gaggawa. Gonaki sittin da uku da ke bayan dutsen nan na hanyar Manga suna gab da fita daga hannun masu su, kuma da hannuna a ciki.

Na farko, bari in faɗi abin da nake karantawa, don na ji ana cewa safiyo ce ni mai awon filaye, wasu ma sun ce leƙen asiri nake koyo. Digiri na biyu nake yi a fannin labarin ƙasa, ɓangaren zana taswira da kwamfuta. Muna ɗaukar hoton ƙasa da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama, mu ɗora masa hanyoyi, mu ɗora masa rijiyoyi, mu ɗora masa rafuka da gonaki da makarantu. Daga nan sai ka tambayi kwamfuta wane ƙauye ne ya fi nisa da asibiti, ko ina ya kamata a haƙa rijiyar burtsatse, ta nuna maka nan take. Ilimi ne mai amfani, kuma ina fata 'ya'yanmu da yawa su shige shi. Sai dai kwamfuta ba ta jin C'lela, ba ta ma jin Hausarmu ta Zuru. Abin da ka zuba mata, shi za ta riƙe.

Na biyu, ga yadda abin ya faru. Hoton da aka ba ni na yi aiki da shi, a watan Maris aka ɗauke shi, an gama girbi, an ƙone karare. Daga sama, gonar kan dutse da filin da aka daina nomawa duk kamarsu ɗaya. Don haka bara na zo na bi gida gida ina tambaya: me ke bayan dutsen nan? Gida arba'in na shiga, amsa ɗaya na samu: "Daji ne." Na rubuta daji. A makaranta kuwa, daji ƙasa ce da ba mai nomanta, kuma kore ake shafa mata a taswira. Na shafa kore tun daga gindin dutse har bakin rafi, malamaina suka yaba, ni ma na ji daɗin kaina.

Kun san mu 'ya'yan soja, a bariki muka tashi, Hausar bariki muka iya. Ban san cewa a nan, ta kusa da gida ita ake kira gona, ta nesa kuwa daji ake ce mata ba. Idan aka ce mutum ya tafi daji, noma ya tafi. Kowane yaro a garin nan ya san haka, ni mai digiri ce kaɗai ban sani ba.

Kwafin taswirar nan ya kai hannun wani kwamitin gwamnati da ke neman filin da ba mai shi, don a ba wani kamfani ya yi babbar gona. Suka ga kore shimfiɗe, suka sa masa alama. Malam Arzika mai sayen hatsi ne ya fara jin labari, ya tare ni a kasuwa ya ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika yi muna? Dawad da nika saye duk shekara, daga sama taka faɗowa?" Na koma gida na tambayi mahaifiyata, na ce, "Mama, me ke bayan dutse?" Ta ce, "Daji." Na ce, "To ina gonarki ta dawa?" Ta dube ni ta ce, "A dajin mana." Jama'a, kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba.

Na uku, ga abin da ya rage mu yi. Na rubuta wa kwamitin cewa taswirata ba daidai ba ce, na kuma janye kundin bincikena daga jami'a. Malamina ya ce hakan zai ci mini shekara guda, na ce na ji na yarda. Kwamitin ya amsa cewa zai zauna ranar ashirin ga Janairu, kuma gonar da aka auna aka kawo masa da sunan mai ita, ita kaɗai zai cire daga lissafinsa. Mako uku ke nan a hannunmu.

Daga Litinin mai zuwa, da safe, zan fara hawa dutsen da 'yar na'urar nan da kuke gani a hannuna, ana ce mata Ji-Fi-Es. Ba ta haraji ba ce, kuma ba ta ɗaukar gona ta kai Birnin Kebbi, kamar yadda na ji ana raɗawa. Inda ka tsaya, shi take rubutawa. Mai gona zai wuce gaba, in bi bayansa, daga ɗorawa zuwa kaɗanya, daga kaɗanya zuwa jeren duwatsun da kakanninsa suka tare ƙasa da su, har mu zagayo. Kada tsoro ya sa wani ya rage gonarsa, kada kwaɗayi ya sa wani ya shiga ta maƙwabci, don maƙwabcin ma zai tsaya a wurin.

Ina roƙon iyayenmu maza da suka yi golmo, waɗanda suka shafe shekaru suna noma wa surukai kafin a ba su mata. Ba wanda ya san iyakar gonakin nan kamar ku. Baba Dawuda, kana dariya, ai an ce har yanzu kana iya ƙirga kunyoyin gonar surukinka da ka. To ranar amfaninsu ta zo. Akwai gonaki goma sha ɗaya da masu su ke bakin aikin soja a wasu jihohi, ku ne za ku tsaya musu. Gonar da ba wanda ya tsaya a kanta, kore za ta zauna, kwamiti kuwa ba ya hawa dutse, takarda yake karantawa. Sannan duk baƙon da ya sake zuwa da biro da takarda ya tambaye ku me ke bayan dutse, don Allah ku ce gona.

Mama, ga ki can cikin 'yan zumunta. Tun ranar da kika gane abin da na yi ba ki ce mini uffan ba a kan maganar, kuma shirunki ya fi mini faɗa zafi. Dawar gonar nan ce ta kai ni jami'a, ni kuma na je jami'ar na shafe ta da hannuna. Ban taɓa taka ta ba, ban san inda ta fara ba, ban san inda ta ƙare ba. A gaban jama'a nake roƙonki, ranar Litinin ki wuce gaba ki nuna mini, da taki za mu fara.

Allah ya tsare mana gonakinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa shugabanninmu adalci da basira. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi, ya kuma ba su kunnen sauraron iyayensu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.