Zaɓin Malam Baffa Tsakanin Fis da Bireka

Assalamu alaikum. Mai Unguwar Sheshe, Allah ya ƙara girma. Liman, Allah ya gafarta Malam. Dattawa, iyalan mamaci, da abokan aikinmu na filin jirgi, sannunmu da haƙuri. Ni ne Salihu. Tun dawowarmu daga yaƙin duniya a ƙasar Bama nake haɗa wayoyin lantarkin ƙananan jirage tare da Malam Baffa.

Ya kasance mai ƙarancin magana. Ya kasance ba ya barin aiki sai ya taɓa kowace waya da hannunsa. Ya kasance in an yi kuskure a rumfarmu, shi ke fara zuwa gaban Baturen da ke shugabantarmu.

Ku ji abin da ya raba mu da shi. Jirgin da ke kai likita zuwa Nguru da fis yake aiki, wato siririn ƙarfen da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. Wata rana fis ya ƙone cikin hadari, rediyo ya mutu, da ƙyar matuƙi ya sauka. Kamfani ya ba Baffa zaɓi: a bar fis, ko a sa bireka, makunnin da ke faɗuwa da kansa, a danna ya dawo.

Na ce, "Baffa, fis in ya ƙone shi ke nan, ba mai tilasta masa ya ci gaba da ba da wuta."

Ya ce, "Salihu, hannun matuƙi biyu ne. Da wanne zai lalubo sabo?"

Ya zaɓi bireka. Ranar gwaji ya ce shi zai hau, tunda shi ya zaɓa. A sama bireka ta faɗi. Matuƙi ya danna, ta sake faɗuwa, ya danne ta da yatsa. Kafin Baffa ya hana shi, waya ta kama da wuta. Baffa ya fizge ta da hannu, ya danne wutar da ƙirjinsa har suka sauka. Matuƙi ya fito da ƙafarsa. Baffa ya cika a asibiti.

Malama Lauratu, kin aiko a tambaye ni ko zaɓinsa ne ya kashe shi. Da fis ne, wataƙila yana nan. Da fis ne, wataƙila wata rana likita da matuƙi za mu binne. Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da muka sani, mijinki bai tura kowa a madadinsa ba.

Mun gode muku da kuka zo. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari, ya sa wutar da ya sha ita ce ta ƙarshe da za ta taɓa shi. Amin.