Sunan da Na Tsallake

Ina gaishe ka da aiki, mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Saratu daga Naraguta. Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Maigidana Bitrus, dattijon ikkilisiya, ya rasu bara. Bai taɓa karya kumallo ba sai ya durƙusa ya kira sunan 'ya'yanmu da jikoki ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji. Ko lokacin rikici, muna jin harbi, bai gajarta ba. In na ce ya yi sauri, sai ya ce, "Maman Ladi, wa kike so in bari a waje?"

Da ya tafi na ɗauki addu'ar. Ranar Talata kunu yana ƙonewa, na yi gaggawa, na tsallake sunan jikata Rifkatu. Da rana ta je wanki, santsi ya kwashe ta cikin kududdufin masu haƙar kuza. Wani manomi ya ciro ta da rai.

Tun ranar nake ganin laifina ne. Fasto ya ce ko na manta, Allah bai manta ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na hana jikokin fita, har makaranta. Ubansu ya ce in ban sake su ba, ranar Litinin zai kwashe su zuwa Jos Jarawa.

'Yan'uwana mata da kuka rasa mai addu'ar gidanku, yaya kuka yi kuka sake buɗe wa yara ƙofa? Don Allah ku amsa min kafin Litinin.